Son kai da nuna bambanci a wurin aiki: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ma'aikatan da ke ganin ana danne su, da kuma shugabannin da koke ya iso teburinsu. Dokar ƙwadago ta kowace ƙasa daban ce, saboda haka duk inda aka ambaci wa'adi ko hukuma, an faɗi ƙasar da abin ya shafa.

Oga yana da 'yan gaban goshi, ni kuwa ba ya yi da ni. Wariya ke nan?

Ba lallai ba. Abubuwa uku ake yawan cakuɗawa. Akwai mugun shugabanci: oga mai tsawa, mai saɓa alkawari, wanda kowa ke kuka da shi. Akwai fifiko, inda ake mayar da wasu 'yan mowa wasu 'yan bora saboda abota ko fadanci. Sannan akwai wariya a ma'anar doka, wato a hana ka wani abu ko a ɗora maka wani abu saboda jinsinka, addininka, launin fatarka, asalinka ko nakasarka.

Duk ukun suna da ciwo, amma ƙofar da ake bi da su daban. Na farko da na biyu galibi ƙa'idojin cikin gida da ƙungiyar ma'aikata ne ke maganinsu, sai fa idan sun kai ga karya yarjejeniyar aiki ko kora ba bisa ƙa'ida ba. Na ukun ne doka ta haramta kai tsaye a yawancin ƙasashe. Koke da yawa suna mutuwa saboda mai su ya kira fifiko da sunan wariya, aka ce ya nuna dalilin, ya kasa. Amma idan ka duba ka ga 'yan gaban goshin nan duk jinsi ɗaya ne ko addini ɗaya, to maganar ta canza, ka duba amsar da ke kan kwatanci.

Waɗanne dalilai ne doka ta hana a nuna bambanci a kansu?

Tushen da ƙasashe da yawa suka ɗora dokokinsu a kai shi ne Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka amince da ita a 1958. Ta lissafa guda 7: jinsin al'umma, launin fata, zama mace ko namiji, addini, ra'ayin siyasa, asalin ƙasa da asalin zamantakewa. Ba ɗaukar aiki kaɗai ta shafa ba, har da samun horo da sharuɗɗan aiki. Ƙasashe suna ƙarawa a kai. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 tana da guda 9, ciki har da shekaru, nakasa, aure da juna biyu.

Akwai togaciya guda: idan aikin kansa ne ke buƙatar wani sharaɗi, ba a kiransa wariya. Neman limami daga cikin mabiya addinin da zai jagoranta ya shiga nan. "Kwastomominmu sun fi son matasa" ko "mace ba za ta iya da direbobi ba" ba su shiga ba, domin zato ne game da mutane.

Bai taɓa ambatar addinina ko ƙabilata ba. Ta yaya zan nuna cewa dalilin ke nan?

Da kwatanci. Kaɗan ne ke furta dalilinsu, shi ya sa masu bincike da alƙalai suke tambaya ɗaya: wa ke cikin irin halinka, amma aka yi masa daban? Mutumin kwatancin ya zama matakinku ɗaya ko kusa, shugabanku ɗaya, laifi ko cancanta iri ɗaya, abin da ya raba ku kawai shi ne dalilin da kake zargi. Ku biyu kun makara sau uku a wata, kai ka sha takardar tuhuma, shi ko kallo ba a yi masa ba. Ku biyu kun nemi kwas, shi da shekara 2 a aiki aka tura shi, kai da shekara 6 aka ce babu kuɗi.

Inda kwatanci ke rushewa shi ne idan akwai wani bambanci na gaskiya da ka tsallake: wancan yana da takardar shaidar ƙwarewa da ba ka da ita, ko kai kana da gargaɗi a fayil tun bara. Ka fara nemo waɗannan da kanka kafin a nemo maka su a gaban kwamiti. Abin da ke ƙara wa kwatanci ƙarfi kuma shi ne dalilin da ke canza riga. An ce maka gurbi ne babu, bayan wata guda aka ce ƙwazonka ne bai kai ba, a rubuce kuma aka ce umarni ne daga sama. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, da zarar ka kawo abin da zai sa a yi zargin wariya, nauyin kare kai yana komawa kan mai aikin.

Ƙa'ida ɗaya aka sa wa kowa. Za ta iya zama wariya?

Ƙwarai. Ita ake kira wariya a fakaice: ƙa'idar a takarda ta hau kan kowa, amma a aikace wani rukuni take kayarwa, kuma aikin bai buƙace ta ba. Sanya taron dole a lokacin da aka san wasu suna ibada, gindaya sharaɗin tsawon jiki a aikin da tsawo ba ya amfani a cikinsa, ko hana duk wani lulluɓin kai a ofis da babu injin da zai kama shi, duk suna iya faɗawa nan.

Shari'ar da ta fito da wannan fili ita ce ta Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power a Amurka. Kamfanin ya ce sai mai takardar sakandare da cin jarabawar auna basira zai shiga sassan da suka fi albashi. Sharaɗin ya fi kayar da baƙaƙen fata, kuma ba a nuna yana da alaƙa da iya aikin ba. A 1971 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, ko da babu mugun nufi. Tambayoyi biyu ake yi wa irin wannan ƙa'ida: wace buƙata ta gaskiya take biya, kuma akwai hanyar da za ta biya ta ba tare da kayar da mutane haka ba?

Ana cewa mutum yana iya nuna son kai bai sani ba. Da gaske ne, ko uzuri ne?

Da gaske ne, kuma ba uzuri ba ne a gaban doka. Masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Shikago, suna canza suna kawai. A sakamakon da suka wallafa a 2004, sunayen da ake dangantawa da fararen fata sun samu kiran intabiyu fiye da na baƙaƙe da kashi 50 cikin 100.

Irin wannan ya fi shigowa ta kalmomin da ba su da ma'auni: "bai dace da mu ba", "ba ta da kwarjinin shugabanci", "jinina bai haɗu da shi ba". Ko kwamfuta ba ta tsira ba. A 2018 aka ba da rahoton cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki, saboda ta koyi rage wa takardun mata maki daga tsofaffin bayanan da maza suka fi yawa a ciki. Abin da ke rage shi yana cikin amsar da aka ba shugabanni a ƙasa.

Sun ce wasa ne, ni ne ba na ɗaukar raha. Yaushe wasa ke zama tsangwama?

Idan ba ka so shi ba, ya shafi abin da kake, kuma ya wulaƙanta ka ko ya mayar maka da wurin aiki wurin fargaba. Niyyar mai yi ba ta wanke shi. Yarjejeniya ta 190 ta ILO, ta 2019, ta ce ko sau ɗaya aka yi yana iya zama cin zarafi, kuma ta haɗa da tafiyar aiki, bikin ofis da saƙonnin waya masu alaƙa da aiki. Ta kare masu koyon aiki da masu neman aiki ma. Idan babu haɗari a gare ka, ka faɗa sau ɗaya a fili cewa ba ka so, ka rubuta ranar da ka faɗa. Daga nan "ai ban san yana damunsa ba" ta daina aiki. Taɓa jiki, barazana, ko neman lalata a madadin ƙarin girma kuwa ba sa jiran gargaɗi, kai tsaye ake kai ƙararsu.

Me zan rinƙa rubutawa, kuma a ina zan ajiye?

Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Duk abin da ya faru, ka rubuta shi a ranar, da abubuwa 6: kwanan wata, lokaci, wuri, abin da aka faɗa da ainihin kalmomin mai faɗa, waɗanda ke wurin, da abin da ya biyo baya. "Oga ba ya ƙaunar mata" ra'ayi ne, kowa zai iya musa shi. Wannan kuwa hujja ce: "Talata 4 ga wata, ƙarfe 10, a taron sashe, ya ce aikin fita ba na masu goyo ba ne. Mu 6 ne a ɗakin. Ranar Alhamis aka cire sunana daga jerin masu tafiya." Kada ka sa fassararka ko zagi a ciki, domin wata rana ɗaya ɓangaren zai karanta.

Maganar da aka yi da baki, ka mayar da ita rubutu a ranar. Gajeren imel ya isa: "Ranka ya daɗe, don tabbatar da abin da muka tattauna yau, na fahimci an ɗage ƙarin girmana ne saboda rashin gurbi. Idan na yi kuskure a gyara mini." Idan ya amsa, ka samu dalilinsa a rubuce. Idan ya yi shiru, saƙon yana nan da kwanan watansa.

Ka tara takardar kama aiki, bayanin ayyukanka, takardun albashi, sakamakon auna ƙwazo na shekarun baya da duk wata takardar yabo. Kundin ya zauna a gida ko a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba. Ranar da aka dakatar da mutum, kafin ya sauko daga bene an rufe masa imel.

Zan iya naɗar maganarsa a ɓoye, ko in kwafi fayilolin ofis?

A yi hattara da duka biyun. A wasu wurare ya halatta ka naɗi hirar da kake cikinta, a wasu kuma laifi ne sai da yardar kowa, kuma ko inda doka ta bari, ƙa'idar kamfani tana iya hanawa. Kwafar takardun albashin wasu, bayanan kwastomomi ko sirrin kamfani ta fi haɗari: ka miƙa musu halastaccen dalilin korarka ke nan, maganar wariyar kuma ta bi ruwa. Abin da aka aiko maka da sunanka shi ne naka. Sauran, ka rubuta sunan takardar da inda take, lauya ko kotu su nemi a fito da ita.

Wa zan fara kai wa kuka?

Ka fara karanta kundin ƙa'idojin ma'aikata, sashen koke, ka bi matakansa yadda suke. Yawanci ana fara da magana da shugabanka na kusa, sai koke a rubuce, sai zaman sauraro, sai amsa a rubuce, sai ɗaukaka ƙara zuwa wanda bai shiga maganar ba. Idan shugaban naka ne ake ƙara, ka tsallake shi zuwa na sama ko sashen kula da ma'aikata. Ka tuna ma'aikatan wannan sashe albashin kamfani suke ci, aikinsu kare kamfani daga matsala. Sau da yawa hakan yana nufin su taka wa oga burki, amma kada ka ɗauke su lauyoyinka, kuma kada ka faɗa musu abin da ba ka so ya shiga fayil. Idan kana cikin ƙungiyar ma'aikata, ka sanar da wakilinta tun farko, ka nemi ya raka ka zaman.

Yaya ake rubuta takardar koke?

Shafi ɗaya ko biyu. Ka sa mata take da ke nuna koke ne a hukumance. Ka jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, ka zaɓi uku ko huɗu mafi ƙarfi daga kundinka maimakon ka zube ashirin, domin mai bincike yakan kama mafi rauni ya rushe sauran da shi. Ka ambaci dalilin ƙarara: "Ina ganin an yi mini haka ne saboda addinina." Mutane suna jin nauyin rubuta wannan layi, amma idan babu shi, takardar ta zama ƙorafin rashin jituwa, kuma kariyar da ke cikin amsa ta gaba ba lallai ta same ka ba. Ka rufe da abin da kake nema: a sake duba ƙarin girman, a cire gargaɗin daga fayil, ko a canza maka shugaba. Ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa, ko ka aika ta imel.

Tun da na kai koke sai takardun tuhuma suke ta zuwa. Me zan yi?

Wannan ramuwa ce, kuma a dokokin ƙasashe da yawa laifi ne mai zaman kansa, ko da a ƙarshe ba a tabbatar da kokenka na asali ba, muddin da zuciya ɗaya ka kai shi. A Amurka, ramuwa ce zargin da aka fi kaiwa hukumar EEOC mai kula da daidaito a aiki. Sau da yawa ma ta fi wariyar sauƙin tabbatarwa, saboda kalanda ce shaidarta: shekara 5 sakamakonka yana da kyau, ka kai koke a watan Maris, a Afrilu ka zama malalaci.

Ka amsa kowace takardar tuhuma cikin wa'adinta, a taƙaice, kan abin da aka tambaya. Idan aka ce ka sa hannu a gargaɗin da ba ka yarda da shi ba, ka rubuta kusa da sa hannun cewa ka karɓa ne kawai, amsarka tana tafe. A wannan lokaci ka kiyaye makara da ƙananan kurakurai fiye da da, domin ido yana kanka. Sannan ka kai sabon koke kan ramuwar kanta.

Na gano wanda muke aiki ɗaya ya fi ni albashi. Haramun ne?

Ya danganta da dalilin. Daɗewa a aiki, ƙarin ƙwarewa ko ƙarin nauyi suna iya halatta bambanci. Jinsi ba ya halattawa. Yarjejeniya ta 100 ta ILO, ta 1951, ta ce a biya mace da namiji daidai a aikin da darajarsa ɗaya, wato ko sunan muƙamin ya bambanta, ana auna ƙwarewa, wahala, nauyi da yanayin aiki. Ladan kuma ya haɗa da alawus da sauran abin da ake bayarwa, don haka a kwatanta duka, kada a tsaya kan tsurar albashi.

Matsalar ita ce ba a cika ganowa da wuri ba. Lilly Ledbetter ta yi kusan shekara 20 a masana'antar taya ta Goodyear kafin wata takarda marar suna ta nuna mata maza abokan aikinta sun fi ta albashi. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ta makara. Sai a 2009 aka yi doka da sunanta, wadda ta sa kowane albashi na wariya ke sabunta wa'adin.

Ina da juna biyu, an fara janye mini ayyuka. Ina matsayina?

Ki sanar da su a rubuce, domin daga baya "ba mu san tana da ciki ba" ita ce kariyar da aka fi kawowa. Yarjejeniya ta 183 ta ILO, ta 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na abin da kike samu ba, da komawa kan aikinki ko makamancinsa da albashi ɗaya. Idan aka kore ki a wannan lokaci, mai aikin ne zai nuna cewa ba cikin ne dalili ba. Tana aiki ne a ƙasar da ta rattaba mata hannu, saboda haka ki duba dokar ƙasarki da yarjejeniyar aikinki. Sauƙaƙa aiki don lafiyarki da shawararki ake yi. A cire ki daga manyan ayyuka "don a tausaya miki" ba tare da an tambaye ki ba, shi ma bambanci ne.

Ina da nakasa. Dole ne su gyara mini wurin aiki?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta 2006, ta ɗauki ƙin yin gyara mai ma'ana a matsayin wariya, sai idan nauyinsa ya wuce kima. Ka nema a rubuce, ka faɗi ainihin abin da kake buƙata: ofis a ƙasan bene, manhajar karanta allo, canjin lokacin shigowa. Idan suka ce ya yi tsada, ka nemi su faɗi nawa ne da wace hanya suka gwada.

Har yaushe nake da damar kai ƙara waje?

Wa'adin gajere ne. A Amurka kwana 180 ne zuwa EEOC, yana kai wa 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. A Birtaniya an daɗe ana aiki da wata 3 da aka rage wa kwana ɗaya, kuma sai an fara sanar da hukumar sulhu ta Acas. A Afirka ta Kudu wata 6 ne zuwa CCMA, hukumar sasanta rikicin ƙwadago, kan wariya, amma kwana 30 kacal kan kora. Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne jiran kwamitin cikin gida. A yawancin wurare koken cikin gida ba ya tsayar da lissafin kwanakin, kuma akwai masu jan zaman da gangan. Ranar da ka miƙa takardar koke, ranar ka tambayi lauya ko ƙungiyarku wa'adin waje.

In ajiye aikin kawai in huta?

Idan lafiyarka ko tsaronka na cikin haɗari, su ne gaba. In ba haka ba, kada ka rubuta murabus cikin fushi. Akwai dokokin da ke ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin kora, amma tabbatar da shi yana da wuya: sai an nuna babban karya yarjejeniya, kuma shi ya sa ka tafi, kuma ba ka daɗe kana haƙuri da shi ba. Takardar murabus mai cewa "na gode da kyakkyawar mu'amala" tana iya kashe ƙarar baki ɗaya. Idan aka miƙo maka takardar sulhu da kuɗin sallama, kada ka sa hannu a ɗakin. Galibi tana ɗauke da sharaɗin yafe duk wata ƙara da na yin shiru, don haka ka tafi da ita lauya ya karanta.

Ni shugaba ne. Me zan yi don kada in faɗa cikin wannan?

Lacca ta yini guda kan son kai ba ta cika canza hali ba, tsari ne ke canzawa. Ka rubuta sharuɗɗan muƙami da makin kowanne kafin ka ga sunayen masu nema. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, domin idan babba ya fara magana sauran bin sa suke yi. A tallata gurbi da kwas a fili maimakon a raɗa wa na kusa. Ayyukan da ba su da lada, kamar rubuta bayanan taro, a rinƙa zagayawa da su. Sau ɗaya a shekara ka ɗauko jerin waɗanda suka samu ƙarin girma, kwas da takardar tuhuma, ka duba su waye a kowane jeri.

Idan koke ya zo, ka amsa karɓarsa a rubuce cikin 'yan kwanaki, ka ba wanda ba shi da hannu a maganar bincike, ka saurari ɓangarorin biyu daban-daban. Idan dole sai an raba su kafin a gama, kada mai koken ne a tura wani reshe ba da sonsa ba, domin a fayil hakan zai fito a matsayin ramuwa.